Ranar da Asibiti Ya Raba Ƙwai a Lokuwa

Ni fa tun farko na gaya wa Matiron, shugabar nas-nas ɗin asibitinmu na Mubi, kada ta tura ni unguwar Lokuwa. Na ce ta tura ni tashar 'yan keke mai ƙafa uku in yi musu faɗan gudu, ta tura ni tike, kasuwar dabbobi, in koya wa mahauta riƙon wuƙa, ko can Belel mai nisa ta ce, zan tafi, a ƙafa ma. Amma rumfar matan da ke suyar ƙuli-ƙuli a Lokuwa, a'a, a nemi wata nas ɗin.

Matiron ta zare gilashinta ta ƙare mini kallo. "Sista Winifred, mutum tara muka kwantar da ƙunar mai cikin wata biyu. Bakwai daga layin nan suke, kuma kowace ta zo da ɗanyen ƙwai ya bushe a kan ciwo. An ce mini shugabar matan mahaifiyarki ce. To wa ya fi ki?"

Abin da nake gudu ke nan, ita kuma ta ɗauke shi ta mayar da shi dalili.

Duk ranar Alhamis asibitinmu na fitar da mota, mu shiga unguwa mu koya wa mutane yadda za su kauce wa jin rauni, da abin da za su yi in ya riga ya faru. Ina son aikin nan, bakina ba ya gajiya. Sai dai Mama Margret, uwata, ita ce likitar ƙuna ta Lokuwa gaba ɗaya. Mutuniyar Michika ce, shekara arba'in tana gaban kasko, kuma ita ce mai ba da waƙa a zumuntar matan coci. In mai ya zubo wa wani, kafin a tuna da asibiti an ruga wurinta. Ta fasa ƙwai, ta shafe ciwon, ta barbaɗa gishiri, ta yi addu'a. In ka yi mata gardama tana da shaida, shaidar kuwa ni ce.

Ina shekara biyar na jawo kaskon mai ya sauko mini a hannun hagu. Mama ta fasa ƙwai biyun da ke gidan ta shafa mini. Ciwon ya ruɓe, wata uku ina jinya, ya warke da tabo ya tattare fatar, har yau gwiwar hannun ba ta miƙewa sosai. A wurin Mama ƙwai ne ya hana a yanke hannun. Ni ma haka na yarda har na shiga makarantar koyon jinya, ranar da aka koya mana abin da ɗanyen ƙwai ke yi wa buɗaɗɗen ciwo. Na shiga banɗakin makaranta na yi kuka na wanke fuskata, ban taɓa gaya mata ba. Na san ranar da na ƙone juya baya ta yi na ɗan lokaci, kuma wannan ba ta taɓa faɗarsa ga kowa ba. Labarin ƙwan kawai take bayarwa, shi ne ya riƙe ta shekara ashirin da tara. Yanzu an ba ni lasifika an ce in je gaban ƙawayenta in ƙwace shi.

Na kwana biyu ina dabara, har na samo wadda na ga ta yi. Zan jera abubuwan da mutane ke shafa wa ƙuna a kan tebur, ƙwai da makilin da gishiri da manja da baƙin mai, in kafa allon leda a gaba da manyan baƙaƙe: KADA A SHAFA WA ƘUNA. Kun ga ƙwai zai ɓuya cikin 'yan'uwansa, ba wanda zai ce da Mama nake. Na yaba wa kaina sosai a kan wannan dabara.

Kuskurena na farko shi ne aiken Hayatu kasuwa. Hayatu direban motarmu ne, Bafulatanin Maiha, dogo siriri, ba ka taɓa ganinsa bakinsa ba ya motsi. Na ce ya sayo ƙwai. Ƙwai na ce, guda ɗaya ma ya isa. Sai ga shi da kiret cur, ƙwai talatin.

"Hayatu, biki za mu yi?"

"Haba Sista, asibiti guda ya fita da ƙwai ɗaya? Ai sai a raina mu. In an gama wa'azi kuma, abin da ya rage ba za a zubar ba." Ya shafa cikinsa don kada in kasa ganewa.

Da hantsi muka isa. Rumfar matan doguwa ce, ta kwano, a bayan rijiyar unguwa, murhu goma sha biyu a jere, ƙamshin gyaɗa tun daga bakin titi yake tare ka. Mama ta tarbe mu ta ci kwalliya da zanin zumunta, ɗaurin kallabi kamar za ta ɗaurin aure. Ta rungume ni tana gaya wa mata, "Ga Wini na, ga likita!" Na ce nas ce, Mama. Ta ce duk ɗaya ne. Na shimfiɗa farin mayafin asibiti a kan tebur, na jera kayan tsaf, sannan na ce wa Hayatu ya tsaya ya kula, zan je in gaishe da mai unguwa, don ba a kafa lasifika a unguwar mutum ba a sanar da shi ba. Kuskurena na biyu: na tafi da allon a naɗe a hammata.

Kun san gaisuwar mai unguwa. Ya gida, ya aiki, ya Matiron, ya ruwan sama a wajenku, a kawo wa Sista kunu. Ina cikin shan kunun na jiyo guɗa daga wajen rijiya, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Mai unguwa ya ce, "Kai, Sista, mata na murna da ku." Ni kuwa wawiya na yi murmushi na ce ai mun gode.

Da na karyo kwana sai na ga abin da na gani. Layi ne, layi mai tsari, tun daga tebur har bakin rijiya. Mama tana tsaye bayan farin mayafi tana miƙa wa kowace mace ƙwai ɗaya da hannu biyu, suna karɓa da rusunawa. Makilin ya ƙare tuni. Gishirin ana ƙulla shi a leda. Hayatu, wanda na bar wa amana, yana gyara layi da ƙuli-ƙuli cike da baki yana cewa, "A hankali, iyaye, kowa zai samu."

Na jawo rigarsa gefe. "Me ka yi mini haka?"

Ya haɗiye da ƙyar. "Ni? Ni da aka raba ƙwaina ina kallo? Sista, shekara nawa muna fita? Duk abin da muka ɗora a kan farin mayafi rabawa muke yi. Gidan sauro mun raba, maganin tsutsa mun raba, sabulu mun raba. Dada, mahaifiyarki, ta tambaye ni na mene ne, na ce na ƙuna ne. Ƙarya na yi?"

Bai yi ƙarya ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Duk Mubi an san haka: in motar asibiti ta shimfiɗa farin mayafi, a shiga layi.

Kafin in buɗe baki Mama ta hau kan turmi da aka kife. Mace mai shekara sittin da ɗoriya, wallahi tsalle ɗaya ta yi. Ta ɗaga ƙwai sama.

"Mata! Shekara arba'in ana cewa Margret ba ta je makaranta ba. Ana cewa maganin Margret na ƙauye ne. To yau ga asibiti da kansa, da motarsa, da direbansa, ya aiko ƙwai!"

"Ayyururui!"

Rumfa ta kaure. Aka kife bokiti ana kaɗawa, mata talatin suna rawa kowace da ƙwanta a sama. Goggo Na'imatu, aminiyar Mama wadda murhunsu ke kusa da juna tun kafin a haife ni, ta ƙulle nata a bakin mayafi ta zo ta dafa ni tana haki. "Wini 'yata, Allah ya yi miki albarka. Wannan na asibitin, har da ƙwanduwar ake shafawa ko farin kawai?" Wata ta leƙo ta kafaɗarta tana tambaya ko yana da ranar lalacewa. Wata kuma ta ce ita ba ta samu ƙwai ba, baƙin mai aka ba ta, ko za a canza mata.

Na so in yi dariya, na so in yi kuka, na so ƙasa ta tsage in shige. Sai Mama ta sauko daga turmi ta kamo ni, ta naɗe hannun rigata na hagu har kafaɗa kamar yadda ta saba yi tun ina firamare, ta ɗaga shi kowa ya gani. "Ga shaida! Hannun nan da ake yi muku allura da shi, ƙwai biyu ne suka tsayar da shi." Fuskarta tana sheƙi. Ban taɓa ganin ta yi farin ciki irin na ranar ba, ko ranar da na gama makaranta.

To ku gaya mini, wace 'ya ce za ta warware allon nan a lokacin? Ni dai ban iya ba. Na rataya lasifika a kafaɗa, na ƙara matse allon a hammata, na fara da abin da ba zai taɓa kowa ba. Na ce a daidaita duwatsun murhu kada kasko ya karkace. Na ce a ɗaure zani tamau, a janye bakin mayafi daga wuta. Na ce yara su yi wasa can nesa da rumfa. Na ce in mai ya kama da wuta kada a watsa ruwa, a rufe kaskon da faifan ƙarfe. Duk gaskiya ne, duk suna gyaɗa kai suna cewa "haka ne, Sista", kowace tana shafa ƙwanta a hankali. Ina magana ina jin kaina ina zagaye maganar da aka aiko ni in faɗa, ina jin haushin kaina.

Ana cikin haka Hayatu ya sulale. Ƙulin da aka ba shi ya ƙare, ya hango na Goggo Na'imatu yana soyuwa ja-wur, ita kuma ta ba wa kasko baya tana sauraron lacca. Ya ɗauki ludayi zai tsamo biyu a ɓoye. Ludayin nan jiƙe yake da ruwa. Man ya yi tsalle ya watsu masa a bayan hannun dama har wuyan hannu.

"Wayyo Allah! Wayyo Dada! Na mutu!"

Yana tsalle yana yarfe hannu, Hausa ta gudu ta bar shi da Fulatanci zalla. Na juya, sai na ga abin da har in mutu ba zan manta ba. Mata talatin, kowace riƙe da sabon maganin asibiti tana neman inda za ta gwada shi, ga majinyaci Allah ya kawo har gida. Gaba ɗaya suka taso.

"Riƙe shi!"

"Ni zan fara, nawa babba ne!"

"A kawo gishirin!"

Na yar da allo na suri bokitin ruwa na kutsa. Ƙwai ya fashe mini a kafaɗa, wani a ƙeya, wata ta taka mini ƙafa. Na isa gaban Hayatu na tare shi da bayana na tsoma hannunsa a ruwan ina ihu, "Ku tsaya! Kada wadda ta taɓa shi!" Suka ɗan ja baya, ba don ni ba, don sun buɗa wa shugaba hanya. Mama ta iso a natse, ta riga ta fasa nata, yana cikin tafin hannunta.

"Wini, matsa."

"Mama, ruwa za a zuba."

"Ruwa yana sa ƙuna ta tashi. Matsa, yaron mutane yana shan wahala."

"Mama, don Allah. Ruwa."

Hayatu ya leƙo ta bayana hawaye shaɓe-shaɓe. "Sista, ko a haɗa duka biyun?"

"Rufe mana baki!" Ni da Mama muka faɗa tare.

Sai ta sa ɗaya hannun ta kamo hannuna na hagu, ta girgiza shi a gaban mata. "Wannan ruwa ne ya warkar da shi? Gaya musu! Ruwa ne?"

Ina da zuciya, kowa ya sani, a wurinta na gada. Ga ƙwai yana bin wuyana, ga hannun mutum yana ci gaba da dahuwa, ga mata bakwai da na wanke wa ruɓaɓɓen ciwo suna ihu a gadon asibiti. Abin ya taso mini tun daga ciki.

"Miƙe shi, Mama! Tunda ya warke, miƙe shi mu gani! Ja mana!" Na miƙa mata hannun, ya tsaya inda ya saba tsayawa, a lanƙwashe. "Wuta ta yi nata, amma ƙwan ne ya ruɓar da ciwon. Wata uku ina wari! Da ruwa kika zuba mini, da ɗan tabo ne kawai. Ƙwan nan ba rabawa muka zo yi ba, zuwa muka yi mu ce a daina!"

Na manta lasifika a kunne take a kafaɗata. Mai unguwa ya ce mini daga baya har cikin zaurensa ya ji.

Mama ta kalli hannuna, ta daɗe tana kallo, kamar yau ta fara ganinsa. Ƙwan ya zurare ta tsakanin yatsunta ya ɗiga ƙasa. Ta sake ni, ta goge tafinta a zanin zumunta, ta koma can ƙarshen rumfa ta zauna gaban murhunta ta ba mu baya. Na yi nadama nan take, nadama mai ɗaci, amma hannun Hayatu ba zai jira ni ba.

Na cire masa agogo kafin wurin ya kumbura. Na ce ruwan bokiti ya yi ɗumi, ana son mai sanyi yana zuba yana wucewa, ba ƙanƙara ba, ruwan rijiya ya isa. Goggo Na'imatu ce ta fara motsi. Ta kwance ƙwanta ta mayar cikin kiret a hankali, ta ɗauki buta. Sauran suka bi ta, ɗaya bayan ɗaya, ba mai kallon wata. Biyu suna jan guga, sauran suna miƙo butoci, ni ina tsiyayawa.

"Har yaushe, Sista?" wata ta tambaya.

"Minti ashirin."

"Ashirin! Tabɗi."

Ba a yi minti uku ba Hayatu ya ce ya ji sauƙi, ya isa haka. Na ce in ya janye hannun nan ni da shi ne. A minti na biyar layi ya fara tsinkewa. Wannan ta ce tunkuzarta za ta sandare, waccan ta ce ƙulinta yana ƙonewa. Goggo Na'imatu ta matso kusa da kunnena. "Wini, maganarki na ji, amma ki duba. In abu ya faru ba ki nan, wa zai tsaya neman waya da hannu duk mai yana ƙirga minti? Za a zuba buta ɗaya a ce ya isa. Ƙwai kuwa shafawa ɗaya ne an gama." Gaskiya ta faɗa. Na ga aikin ranar yana zubewa: na karya zuciyar uwata, kuma ban samu komai ba.

Sai muka ji murya daga ƙarshen rumfa. Mama ce, har yanzu bayanta muke gani, ta jefa sabon ƙuli a kasko ta ɗauko waƙar suya. Duk wanda ya girma a layin nan ya san ta, doguwar waƙa ce ta gyaɗa da ta je kasuwa ta ƙi dawowa gida, ana farawa in an zuba ƙuli, in an kai ƙarshe a kwashe. Matan suka kalli juna. Bakinsu ya amsa tun kafin su yi shawara, don shekara da shekaru in Margret ta bayar amsawa ake yi. Waɗanda suka fita layi suka dawo, buta tana tafiya da kiɗan waƙar.

Da aka kai ƙarshe na duba agogon da ke maƙale a ƙirjina. Minti goma, har da 'yan daƙiƙu. Na ce a raina, ikon Allah, mata suna da agogo a baki shekara arba'in ban sani ba. Na ɗaga murya na ce, "Rabi ke nan!"

Mama ta kwashe ƙulinta, ta zuba wani, ta sake ɗaukowa daga farko. Sai dai wannan karon gyaɗa ba ta je kasuwa ba.

"Ajiye ƙwai ki ɗauki buta,
ruwa ne maganin wuta."

Goggo Na'imatu ta daka tsalle ta amsa, "Zuba, zuba, kasko biyu!"

Shi ke nan, rumfa ta sake birkicewa. Aka dawo da bokitin kiɗa. Mama tana ƙirƙirar baiti nan take, ta sa makilin a ciki ta ce na haƙori ne, ta sa baƙin mai ta ce na injin markaɗe ne, ta sa wani dogon direba da ya je satar ƙuli da jiƙaƙƙen ludayi. Mata suna dariya har da riƙe ciki, ruwa yana zuba a ƙafafunsu, ƙasa ta zama taɓo ba wadda ta damu. Hayatu kansa, hannu a miƙe ƙarƙashin buta, kafaɗunsa suna rawa, yana cewa, "Dada, a cire sunana, ina da iyali!" Alhali ba ta ambaci sunansa ba, shi ya tona kansa. Har masu wucewa suka tsaya, wani mai keke ya kashe injinsa yana amsa "zuba, zuba" bai san kan zance ba.

Da kasko na biyu ya soyu na duba hannun. Ja ne, da 'yan ƙuraje biyu da suka ɗuri ruwa, fata ba ta saɓule ba. Na nuna musu ɗaya bayan ɗaya, na ce kada a fasa ƙurajen, a rufe da tsumma mai tsabta, in ƙunar ta fi tafin hannu faɗi ko a fuska take ko yaro ne, bayan kasko biyu a wuce asibiti. Wannan karon ba gyaɗa kai kawai suka yi ba, tambayoyi suka yi ta jefo mini har muryata ta dushe. Aka tsinto allona a cikin taɓo, aka goge, aka ɗaure shi a jikin ginshiƙin rumfa. Ƙwai ashirin da uku ne suka tsira. Goggo Na'imatu ta ce tunda asibiti ya ce ba na shafawa ba ne, to na ci ne, aka yanka albasa aka soya. Hayatu ya ci da cokali a hannun hagu, kuma ya fi kowa ci.

Duk wannan Mama ba ta kalle ni ba. Ta yi waƙa, ta yi dariya da mata, ta ba Hayatu ƙuli cike da leda, amma in na matso sai ta sami abin gyarawa a murhu. Da la'asar muka naɗe farin mayafi, Hayatu ya shiga mota, ni kuma na zagaya bayan rumfa inda randarta take, don ba zan tafi ban yi mata sallama ba ko da ba za ta amsa ba.

Tana zaune a kan kujera 'yar tsugunno, buta cike a gabanta.

"Mama, ki yi haƙuri. Bai kamata a gaban mutane..."

"Zauna."

Na zauna a kan dutse. Ta kamo hannuna na hagu, ta naɗe rigar a hankali, ba irin naɗin da take yi in za ta nuna wa mutane ba. Ta bi tabon da yatsa tun daga sama har gwiwar hannu.

"Dawuda mai itace ne ya yi sallama," ta ce. "Na juya in ce masa ya sauke a can. Shi ke nan fa. Juyawa ɗaya."

"Ni na jawo kaskon, Mama."

"Ke yarinya ce." Ta share hanci da bakin zani. "Randa tana nan kusa da ni a cike. A cike, Wini. Na tsallake ta na ruga ɗaki neman ƙwai."

"Ba ki sani ba. Ba wanda ya zo ya gaya miki."

"Ke kin sani. Tun yaushe?"

"Shekara goma sha ɗaya."

"Kika bar ni ina shafa wa 'ya'yan mutane."

Wannan ta shige ni fiye da duk abin da na faɗa mata da safe. Gaskiya ce. Ina tsoron ɓata mata rai na bar ta, mata bakwai suka kwanta a gadonmu. Na sunkuyar da kai hawaye suna zuba a kan rigar da ƙwai ya riga ya ɓata.

Sai na ji sanyi a hannuna. Ta ɗaga buta tana tsiyaya ruwa a kan tabon, siriri, yadda ta ga na yi wa Hayatu. Ruwan yana bin lanƙwasar gwiwar yana ɗiga a ƙasa.

"Mama, shekara ashirin da tara fa."

"Na iya ƙirga. Riƙe hannun da kyau."

Ta fara waƙar ƙasa-ƙasa, ba mai amsawa sai ni. Buta ta ƙare ta cika ta daga randa ba ta yanke baitin ba. Muna kaiwa ƙarshe Hayatu ya danna hon daga bakin titi, sau biyu, sau uku. Na yunƙura zan tashi, ta ƙara damƙe wuyan hannuna.

"Ya jira," ta ce, tana sake cika buta. "Saura kasko ɗaya."